Darasi na shida: Injin V mai turbo a tsakiya

Injin da ake ce wa V6 ko V8, silindojinsa layi biyu ne, sun buɗe ta sama kamar harafin V. A yawancin motoci ta tsakiyar nan iska ke shiga, hayaƙi ya fita ta gefe da gefe, can ake ɗaura turbo. Shi turbo hayaƙin da zai tafi salansa ne ke juya mai fanka, ita kuma ta juya wata fankar da ke cusa ƙarin iska cikin inji, ƙarfi ya ƙaru.

Toh wasu kamfanoni sai suka juya abin, hayaƙi ya koma fita ta tsakiya, aka dasa turbo ɗin a cikin kwarin V, iska ta koma shiga ta waje. Ferrari ta yi haka a motar tserenta ta 1981, BMW ta kawo shi kan titi a 2008 da injin N63 na motarta X6, Audi da Mercedes-AMG suka biyo baya, har Land Cruiser 300 mai shan dizal ta 2021 haka injinta yake.

Ribar ita ce bututun hayaƙi ya gajarce, kana taka totur mota ta amsa ba jira, injin ma bai cin wuri.

Amma fa zafi! Hayaƙin injin fetur yakan wuce digiri 800, gashi an tara shi a rami ɗaya ƙarƙashin bonet inda iska ba ta ratsawa, hos ya bushe ya tsage, robar waya ta dinga ɓarewa a hannunka kamar ƙanzo, sil ɗin bawul, wato robar da ke hana baƙin mai zurarewa cikin silinda, ya ƙandare mota ta fara shan baƙin mai. N63 na farko ya yi suna da wannan, balle a ce motar ta shigo zafin Afrilu da cunkoso.

Dan Allah in irin wannan mota ta zo garejinku, ƙarafunan nan masu sheƙi da ke rufe turbo kar a yar da su, su ke tare zafi, a mayar da kowanne da notinsa. A zuba baƙin man da kamfani ya rubuta, a canza da wuri. In an kashe mota kuka ji wani famfo na ci gaba da ƙara kar a cire batir, ruwa yake zagayawa da shi turbo ya huce.

Aikin yau: bayan inji ya huce sarai, a cire murfin sama, a haska tocila cikin kwarin, kowa ya rubuta inda ya ga jiƙar mai ko hos ɗin da ya tsage.