Yadda Nake Gane Tufar da Ta Gama Aikinta a Gida

Lokacin da ya fi dacewa a zazzage kayan sawa na gida shi ne bayan damina ta ɗauke, wajen Oktoba, kafin sanyi ya kankama. Danshin Agusta ya riga ya yi ɓarnar da zai yi, duk rigar da fumfuna ta kama a ƙasan adaka za ki gan ta. Abin da za ki bayar kuma zai isa hannun mai buƙata kafin hunturun Disamba da Janairu. Kada ki bari sai jajibirin salla, kina tsakanin tela da kitso da tuya. Ranar, duk abin da kika ɗauka mayar da shi za ki yi ki ce sai wani jiƙon.

Ki shimfiɗa tabarma a tsakar gida da hantsi, ki fito da komai, har buhun da ke bayan gado. A wanke tukuna, domin datti yana sa riga mai sauran ƙarfi ta yi kama da tsumma.

Daga nan sai gwaji, kuma yadin ake dubawa. Ki ɗaga tufar ki fuskanci rana. In haske yana ratsa ta daidai ko'ina, lafiya lau. In kika ga wani wuri ya yi shara-shara har kina hango yatsunki, wurin ya ci. A zane mazauni ne ke fara tafiya, a wandon yaro gwiwa da hantsa, a rigar maigida wuya da hammata da bakin aljihu. Ki kama wurin da hannu biyu ki ɗan ja. Yadi mai rai zai tsaya. Wanda ya mutu za ki ji zare yana sakin jiki, wani ma ya kece nan take. Irin wannan ko kin kai wa tela, allura ce za ta buɗe sabuwar ɓaraka kusa da tsohuwar, kuɗin ɗinki ya tafi a banza.

Ni a wurina, abin da ya lalace a ɗinki duk mai gyaruwa ne: kalmasa ta warware, zif ya ƙi, maɓalli ya faɗi, robar ƙugu ta saki, mazagi ya tsinke. Ba a yar da wando saboda zif. Haka kuma koɗewa. Shaddar da rana ta cinye wa launi, in jikinta na nan, ki kai ta rini a turo ta da launi mai duhu, masu bugu su buge ta, maigida ya sa ta ranar Juma'a ba wanda zai ce tsohuwa ce. Tabon manja ko na goro a rigar yaro ya mayar da ita ta zaman gida da wasan ƙasa, shi ke nan. Inda nake tsayawa shi ne faci a kan faci. In wuri ɗaya ya sha gyara ya sake buɗewa, ko kuɗin gyaran ya kusa na irinta a wurin 'yan gwanjo na babbar kasuwa, rigar ta sauka daga layin sawa.

Saukarta ba ya nufin bola. Babban zane yana fitar da siket ɗin yarinya ko majanyi daga gefunan da ba su ci ba. Babbar riga tana ba da kaftanin yaro. Abin da ya rage a yayyanka shi: gammo, abin sauke tukunya, abin goge ɗaki, cikon matashin kai. Amma ki san wane yadi ne a hannunki. Ki yanko ɗan ƙyalle ki kusantar da shi ga ashana a waje, nesa da yara. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Yadin roba narkewa yake, ya dunƙule ya yi tauri, da baƙin hayaƙi. Na roba ba ya shan ruwa sosai, kuma kada ki taɓa sauke tukunya da shi, don in ya narke a fata yake mannewa.

Sai maganar bayarwa, wadda ita ce ta fi damuna. Sau da yawa abin da muka kasa zubarwa shi muke miƙa wa almajiri a bakin ƙofa, mu kira shi sadaka. Riga ba hannu ɗaya, wando a yage ta baya. Yaron zai karɓa don ba shi da bakin ƙi, amma mun ɗora masa aikin kai mana shara ne kawai. A Suratul Baƙara, aya ta 267, an hana mu nufin mummunan abu mu bayar, wanda mu kanmu ba za mu karɓa ba sai mun runtse ido. Ma'aunina ke nan: in ba zan bar ɗana ya fita titi da ita ba, ba zan ba ɗan wani ba. Wadda za a bayar a wanke ta, a ɗinke inda ya warware, a ninke. Kuma a fara da na kusa, ƙannen miji da 'ya'yan 'yan'uwa a ƙauye, a bayar a sirrance yadda mai karɓa ba zai ji nauyi ba.

Kayan mamaci kuwa gado ne. Ko da sun tsufa, ba mutum ɗaya ke yanke hukunci a kansu ba, sai magada sun yarda.

Akwai tufafin da ba a yi musu dogon nazari. Kayan da maigida ko saurayin gida ya yi feshin wake da su, in tsantsar maganin ƙwarin ya zube a kansu ya jiƙa su, wanki ba ya fitar da shi duka, kuma fata tana sha. Kada a bayar, kada a yi tsumma da su, kada a ƙona. A yayyaga su, a ƙulle, a binne nesa da rijiya. Fumfunar da ta shiga zare har wari ya ƙi fita bayan wanki da shanya, ita ma a rabu da ita, musamman in akwai mai asma a gida. Kamfai da singiletin da suka saki ba a ba kowa. Amma ƙazuwa da kwarkwata ba sa sa a zubar da kaya. A wanke da ruwa mai zafi sosai, a shanya a rana, a goge. Wanda ba ya jure ruwan zafi a ƙulle shi a leda, mako guda in ƙazuwa ce, don ƙwayarta ba ta daɗewa in ta rabu da jikin mutum, mako biyu kuma in kwarkwata ce.

In tsumma ya gama nasa aikin, inda za a kai shi ma abin lura ne. Kada a jefa a kwalbati ko a kwararo. Duk wanda ya taɓa ganin ambaliya a cikin gari ya san abin da toshewar hanyar ruwa ke jawowa, kuma yadin roba ba ya ruɓewa, haɗuwa yake da leda da yashi ya datse magudana. Ga awakinmu jajaye da ke kiwo a kan juji, suna haɗiyar ƙyalle da leda su cunkushe musu tumbi, akuya ta yi ta ramewa mai ita bai san dalili ba. Ƙona na roba a tsakar gida kuma hayaƙinsa yara ke shaƙa. Ni ina yayyanka shi yadda ba wanda zai tsinta ya sa, in cusa a tsohon buhu, in ɗaure baki tam, in ba masu kwasar shara. Na auduga zalla, ƙanana, ina tura su ramin taki tare da shara da kashin dabbobi, a kwashe zuwa gona kafin shuka.