Yadda Ake Bibiyar Tarihin Gasar Kofin Nahiyar Afirka Ba Tare da Rikicewa Ba

Duk wanda ya zauna da jadawalin ƙasashen da suka lashe Kofin Nahiyar Afirka zai tarar cewa sunaye da shekaru da tsarin gasar sun sha sauyawa, kuma idan bai san inda sauyin yake ba, lissafi zai kwace masa tun bai yi nisa ba.

Ka fara da tushe. An buga gasar farko a Khartum a shekarar 1957, shekarar da aka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, wato CAF, kuma ƙasashe uku ne kacal suka fafata: Masar da Sudan da Habasha. Afirka ta Kudu ce ta huɗu a cikin waɗanda suka kafa hukumar, amma aka cire ta daga gasar saboda manufarta ta wariyar launin fata. Masar ta lallasa Habasha da ci 4-0 a wasan ƙarshe. Daga nan ka riƙa lura da yawan ƙasashe a kowane zamani, domin sun kai 8 a 1968, suka zama 12 a 1992, aka tsara 16 a 1996 (ko da yake janyewar Najeriya ta sa 15 suka buga), sannan 24 tun daga 2019. A ganina, kuskure ne a auna kofin da aka ci da wasa biyu da wanda aka ci bayan wasa bakwai.

Abu na gaba shi ne sunayen ƙasashe, kuma a nan ne akasarin mutane suke tuntuɓe. Idan ka ga Haɗaɗɗiyar Jamhuriyar Larabawa a 1959, Masar ake nufi. Kwango Kinshasa da ta yi nasara a 1968 ita ce Zaire da ta sake ɗaukar kofin a 1974, ita ce kuma Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta yau, don haka kofunanta biyu ne. Kada ka haɗa ta da maƙwabciyarta Kwango Brazzaville, wadda ta ci nata a 1972.

Kada kuma ka ɗauka kowace gasa da wasan ƙarshe ta ƙare. A 1976 Maroko ta zama zakara a Habasha ta hanyar tara maki a rukunin ƙarshe na ƙasashe huɗu. A 1974 kuwa sau biyu aka buga wasan ƙarshe, domin Zaire da Zambiya sun tashi 2-2 bayan ƙarin lokaci, aka sake karawa bayan kwana biyu, Zaire ta ci 2-0. Ndaye Mulamba ne ya zura duk ƙwallaye huɗun da ƙasarsa ta ci a wasannin biyu, ya kammala gasar da ƙwallo 9.

Sai batun shekaru. Ganin Zambiya a 2012 da Najeriya a 2013 a jere ba kuskuren bugawa ba ne: a lokacin ne aka mayar da gasar shekaru marasa cika domin kada ta riƙa faɗowa shekara ɗaya da Kofin Duniya. Haka kuma gasar da ake kira ta 2021, wadda Senegal ta lashe a Kamaru, a farkon 2022 aka buga ta, ta 2023 kuma a farkon 2024 a Kodibuwa. Idan kana rubutu, ka ambaci sunan gasar da kuma shekarar da aka buga ta.

Bayan ka daidaita waɗannan, sai ka ƙirga kofuna. Zuwa gasar Kodibuwa, Masar tana da 7, Kamaru 5, Ghana 4, Najeriya da Kodibuwa 3 kowacce. Kada ka saka kofin CHAN a wannan lissafi, domin gasa ce daban da aka fara a 2009, ta 'yan wasan da ke taka leda a ƙungiyoyin cikin gida kawai.