Yadda ake shan maganin HIV ba tare da ya hana hidimar yau da kullum ba

Galibin masu karɓar magani a Kumasi, ko a babban asibitin Komfo Anokye ko a ƙananan asibitocin unguwa, TLD ake ba su: ƙwaya ɗaya mai haɗe da tenofovir, lamivudine da dolutegravir, sau ɗaya a rana. Maganin kyauta ne. Wuyar aikin ita ce riƙe lokaci.

Da farko a ɗaura shansa da abin da ba ya wuce mutum. Mai sammakon kasuwar Kejetia ya sha bayan sallar asuba, kafin ya fita. Safiyar ma ta fi wa wanda dolutegravir ke hana shi barci. Da abinci ko babu, duk ya yi. A watan azumi sai a mayar da shi sahur ko bayan shan ruwa, a sanar da ma'aikacin asibiti.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne haɗa shi da maganin ƙarin jini, ƙwayar kalsiyam, ko farin maganin gyambon ciki na ruwa. Sinadaransu na kama dolutegravir tun a hanji, ya kasa shiga jini, mutum yana sha kullum amma cutar na ƙaruwa. A sha TLD awa 2 kafin su, ko awa 6 bayansu. Mata masu juna biyu, ku kula da wannan, ku kuma bar cin ayilo, farar ƙasar nan da ake ci. Mai shan rifampicin na tarin fuka kuwa, ana ƙara masa dolutegravir miligiram 50, ya sha awa 12 bayan TLD. Yawan shan diclofenac don ciwon jiki yana taruwa da tenofovir ya wahalar da ƙoda.

In an manta, a sha da zarar an tuna. In lokacin na gaba ya kusa, a jira shi, kada a haɗa biyu.

A bar ƙwayoyin cikin kwalbarsu tare da ɗan ƙunshin nan mai tsotse danshi, nesa da zafin murhu da rana. Mai tafiya Bawku ko Tamale ya tafi da fiye da kwanakin tafiyarsa. Yankewa haɗari ne, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B, domin yakan taso da ƙarfi.

Bayan wata 6 da fara magani a yi gwajin yawan ƙwayar cutar a jini, a maimaita a wata na 12, sannan duk shekara. Muddin yawanta yana ƙasa da 200 a kowace mililita ta jini, ba a sa wa miji ko mata cutar ta hanyar kwanciya. Wanda sakamakonsa ya daidaita yana iya neman a ba shi na wata 3 zuwa 6 a zuwa ɗaya.