Yadda Za Ka Shirya Fim ɗin Rikicin Iyaye a Falo Guda

Matashin da ke son shirya fim a Kano, amma aljihunsa bai kai na tara 'yan wasa da yawa ba, zai ƙaru da fim ɗin Carnage na 2011, wanda Roman Polanski ya ba da umarni, aka kuma samo shi daga wasan dandamali na marubuciyar Faransa Yasmina Reza. Wani yaro ne ya bugi wani da sanda, iyayensu huɗu suka zauna sulhu, zaman ya rikiɗe ya koma tonon silili. Kusan komai a gida ɗaya ya faru, cikin kimanin minti 80.

Idan wasan wani za ka ɗauka, ka fara da neman izininsa a rubuce.

Babban aikin kuwa shi ne samo dalilin da zai hana baƙin, wato iyayen da suka zo sulhu gidan ɗaya ɓangaren, tafiya. A dandamali mai kallo yakan yi wa labari uzuri, amma a fim zai tambayi kansa abin da ya sa mutumin da aka ci wa fuska bai ɗauki hularsa ya fita ba. A nan al'adarmu ta sauƙaƙa maka: an kawo abinci kuma ba a ƙin tayi, an kira la'asar, ko hadari ya taso, ko maigida ya ce, “Haba Alhaji, a zauna a sha ruwa mana.” Ka bar su su kai bakin ƙofa sau biyu ko uku, kowane karo kalma guda ta dawo da su. Giyar da ta kwance wa mutanen wancan fim baki ba ta da gurbi a naka, kuma ka tuna aikin zai bi ta Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano. Gajiya, zafi da ɗaukewar wuta sun isa su ƙure haƙurin kowa.

Kada ka fara da zagi. Dariyar tana cikin yadda kara da kunya ke zubewa a hankali, daga doguwar gaisuwa zuwa habaici, daga habaici zuwa gori. Haka nan kada ɓangarorin su tsaya yadda suka shigo: a wani lokaci mazan su haɗa kai, a wani kuma Hajiya ta juya kan mijinta a gaban baƙi, wanda a ganina shi ne wurin da ya fi ciwo kuma ya fi ban dariya. Yaran kansu ba sai sun yi magana ba.

Wajen ɗauka, ka yi gwaji da 'yan wasanka tun daga farko har ƙarshe kafin a kunna kyamara, sannan ka riƙa matso da ita kusa da fuskoki yayin da rai ke ƙara ɓaci. Ka zaɓi gidan da ke nesa da titi, domin ƙarar janareta da hon ɗin adaidaita sahu suna cinye magana, fim irin wannan kuwa kacokan a kan magana ya dogara.