Yadda ake haɗa faifan tirim na jirgin kwamfuta a gida

Duk mai tuƙa Cessna 172 a Microsoft Flight Simulator, X-Plane ko FlightGear ya san yadda hannu ke gajiya in ana riƙe da sitiyari don kada hancin jirgi ya sunkuya. A jirgin gaske faifan tirim, wato faifan da ke tsaye tsakanin kujerun gaba, shi ke sauke wannan nauyi: ka mirgina samansa gaba hanci ya yi ƙasa, ka jawo shi baya hanci ya ɗaga. Latsa allon rubutu ba ya ba ka wannan ji a hannu, kuma faifan tirim na kanti yana da tsada kafin ya iso Sakkwato.

Abu biyu kawai za ka yi odarsu ta intanet: Arduino Pro Micro ko Leonardo (ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa umarni), da enkoda KY-040 (na'urar da ke ƙirga juyi). Kada ka sayi Arduino Uno. Pro Micro na ɗauke da ƙwaƙwalwar ATmega32U4, shi ya sa kwamfuta ke karɓar sa a matsayin abin wasa da zarar an jona USB. Uno sai an sha wahala. Maimakon enkoda, wasu kan sa bolum irin na rediyo mai juyi 10, amma ni ban so shi: in otofailot, wato na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta, ya motsa tirim, faifanka na wuri guda, jirgi na wani wuri, ka taɓa shi jirgi ya zabura. Enkoda ba ta da wannan matsala, ba ta da farko balle ƙarshe.

Sauran kaya duk suna nan gari. Kai wa kafinta katakon filawud ya yanke maka faifai biyu masu faɗin santimita 16, a manne su da gam, a ɓula tsakiya daidai. Ka tsaya a kansa wajen ɓulawar nan, domin rami in ya karkace faifan zai riƙa rawa har abada. Ya yi maka tsaga-tsaga a baki don yatsa ya samu kamu, sannan a goge da sanfefa. Wajen masu kayan gyara ka nemi boris biyu lamba 608, ramin su milimita 8 ne, da doguwar ƙusa mai zare ta milimita 8 da notuna.

Kafa allon katako biyu a tsaye, ka dasa boris a kowanne, ƙusa ta ratsa su da faifan a tsakiya, ka ɗaure shi da noti gefe da gefe. Nauyin faifai a kan boris zai zauna, ba a kan enkoda ba. Sandarta milimita 6 ce, ba ta jure lodi. Haɗa bakin ƙusa da sandar enkoda da guntun tiyon mai na babur, ka ɗan tsoma shi a ruwan zafi ya shige. Roba na shanye ƙaramar karkata.

Sai tauri, wanda a nan aikin yake. Faifan da ke gudu shi kaɗai kamar tayar keke ba tirim ba ne. Je wurin dukawa ka karɓi ragowar fatar jan akuya, ka manna ta a ɗan katako mai danna gefen faifan, da sukuru a bayansa. Matsa sukurun kaɗan-kaɗan har faifan ya tsaya cak inda ka sake shi, amma yatsu biyu su iya juya shi. Fata ta fi roba a nan, ba ta kamawa ta saki, kuma ba ta ƙara.

Wayoyi huɗu ne daga enkoda zuwa Arduino: CLK zuwa lamba 2, DT zuwa 3, + zuwa VCC, GND zuwa GND. Liƙa su da dalma. Gam ɗin kyandir yakan yi laushi a zafin Afrilu, don haka ɗaure enkoda da notinta. A Arduino IDE, manhajar rubuta wa Arduino umarni, ka sa kunshin umarni (library) mai suna Joystick na Matthew Heironimus, ka rubuta cewa juyin gaba ya latsa maɓalli na ɗaya, na baya na biyu. Kowane latsi ya ɗauki kamar milisakan 40, in ya gajarce wasan kan tsallake shi. KY-040 galibi taki 20 take yi a zagaye guda, in ya yi maka jinkiri sai kowane taki ya aika latsi biyu ko uku.

Gwada a Windows da joy.cpl, shafin gwada kayan wasa, sannan a cikin wasan ka ɗaura maɓallan biyu a kan tirim na ɗaga hanci da saukewa. In ya juye, musanya CLK da DT. Rufe enkoda da ƙaramin akwati kafin hunturu, ƙura na shiga ta fara ƙirga taki ba daidai ba. Tashi daga filin jirgin Sultan Abubakar III, ka daidaita a ƙafa 3,000, ka juya faifan har ka saki sitiyari hanci bai motsa ba.