Yadda ake noman ganyen miya a buhu a tsakar gidan haya

Mai mota da firji yana zuwa kasuwar 'Yankaba a Kano ya sayi kwandon tumatur da damin alayyahu a farashin sari, ya kai gida ya adana. Matar da ke ɗaki ɗaya a Kurna ko Ɗorayi kuwa kullum kashi take saya a bakin layi, bayan kayan sun bi hannu uku, sun yi yaushi, kuɗinsu ya ƙaru. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin dako ya hau kan kowane ganye. Shi ya sa a gidaje da yawa kuka ce yau, kuka ce gobe, yara su yi mako ba su ci ɗanyen ganye ba. Buhu biyar ko shida a gindin katanga suna rage wannan sosai, in an bi su yadda ya kamata.

'Yar'uwa, kada ki fara da tumatur. Kowa shi yake ɗoki, kuma shi ne ke karya gwiwar sabon shiga. Tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatur a Kano da Kaduna a 2016, ta sake dawowa a 2024, kuma waɗanda ta kayar manoman Kadawa ne da Kura da suka tsufa a sana'ar. Ki fara da alayyahu, rama, yakuwa da lalo. Ni dai alayyahu nake sa kowa ya fara da shi, don cikin mako huɗu zuwa biyar za ki ga abin yanka.

Ki samu tsohon buhun shinkafa ko na masara, ki naɗe bakinsa ya dawo rabi, ki huda gindinsa wuri shida zuwa takwas. Ba sai kin sayi sabo ba, rana ce za ta cinye shi ko yaya. Ki ɗora shi kan bulo ko duwatsu a inda rana ke kai awa biyar zuwa shida.

Taki shi ne inda kusan kowa ke faɗuwa, ni ma nan na faɗi. Shekarar da na fara, na ɗebo kashin kaji daga wani gidan gona, ɗanye da warinsa, na cakuɗa da ƙasa na shuka a ranar. Tsiron ya fito gwanin sha'awa. Kwana biyar bayan haka bakin ganyen ya ƙone kamar an kara masa wuta, washegari duk suka kwanta. Na yi ta ƙara ruwa ina zaton ƙishi ne, ashe saiwar ce ta riga ta ƙone. Ɗanyen kashin kaji yana da zafi da gishiri, kuma yana ci gaba da ruɓewa a cikin buhun, ƙaramar saiwa ba ta iya jure masa. Ga kuma ƙwayoyin cuta, a ganyen da yara za su ci.

Don haka ki tara takin a gefe, ki yayyafa masa ruwa ya jiƙa amma kada ya yi caɓi, ki rufe da tsohon buhu. Duk mako ki juya shi. Kashin kaji ki ba shi wata biyu, na awaki da tumaki ya fi sanyi, mako shida ya ishe shi. Kada ki dogara da lissafin kwanaki kawai, ki tura hannu har tsakiya. In kin ji ɗumi, bai yi ba. In wari ya bugi hancinki, bai yi ba. Wanda ya nuna baƙi ne, yana marmashewa a hannu, ƙamshinsa kamar na ƙasar da ruwan farko ya taɓa. Shi za ki haɗa, kwano ɗaya na taki ga kwano biyu na ƙasa. In ƙasar laka ce mai danƙo, ki ƙara kwanon yashi.

Ƙasar bola da ta bakin kwata ki bar su, ko da kyauta ce. Akwai fasasshen batir da ƙonanniyar leda a ciki. Masu bincike sun daɗe suna gargaɗi kan ganyen da ake bayi da ruwan Jakara, rafin da ke kwashe ƙazamin ruwan gari a nan Kano, to ba ma so mu kawo irin wannan cikin gidanmu da hannunmu.

Irin alayyahu ƙanana ne ƙwarai. Ki gauraya ɗan tsunkule da yashi cikin tafin hannu, ki barbaɗa, ki rufe da ƙasa sama-sama. Masu binne shi da zurfi su ne ke cewa an sayar musu da mataccen iri. Bayan mako biyu ki cire na cirewa, ki bar tazarar yatsu huɗu tsakani.

Na san ruwa kuɗi ne a unguwar da sai 'yan garuwa. Ruwan wankin shinkafa da na kayan miya da wanda aka tara a wurin alwala duk suna yi. Ruwan omo da na wanke-wanke mai maiƙo ba sa yi. Bayi safe da yamma a lokacin zafi, sau ɗaya da safe in hunturu ne.

Kaji da ƙadangaru, tsohon gidan sauro ya ishe su. In kin ga ƙwari, ki daka ganyen darbejiya, ki jiƙa ya kwana, ki tace ki yayyafa da yamma. Wajen yanka kada ki tumɓuke, ki bar tsawon yatsa da 'yan ganye biyu a ƙasa, zai sake tohowa sau biyu ko uku. Kada kuma ki shuka buhunan rana ɗaya, ki riƙa sa mako guda tsakaninsu, don kada su zo miki a tare maƙwabta su sha, ke kuma ki koma bakin layi wata mai zuwa.