Yadda na gyara taurin sifirin akori-kurata

Alhamdu lillahi, jijjigar nan ta ƙare. Tsohuwar Peugeot 504 ce, akori-kura. Idan bayanta babu kaya, ko ɗan rami na taka sai ta yi tsalle, in ji shi har a ƙugu.

Na rage iskar tayoyin baya, na canja shokazoba, duk a banza.

Sai da na kwanta ƙarƙashinta na gane: mai ita na farko ya ƙara falle biyu a kowane sifirin (jerin fallayen ƙarfen da ke ɗauke da bayan mota) saboda lodin buhuna, tsatsa kuma ta manne fallayen, ba sa zamewa a kan juna.

Ni da wani makanike muka ɗaga ta da jak, muka tokare, muka sauke sifirin. Na cire ƙarin fallayen, na kankare tsatsar da burushin waya har ƙarfen ya yi haske, na shafa giris tsakaninsu. Na sa sabon ƙusan tsakiya da sababbin bushin roba, wato robobin da ke mahaɗar sifirin da jikin mota.

Ƙusoshin bushin kuwa ban ɗaure su tamau ba sai da motar ta sauka a kan tayoyinta. In aka ɗaure a sama, robar murɗewa take, taurin ya dawo.

Yanzu lodinta ya ragu, amma tafiya lafiya lau. Na gode wa makaniken da ya kama mini.